Kujera Mai Ƙafa Uku

Matarsa ce ta raɗa masa suna Saura-kaɗan, don komai ka tambaye shi amsar ke nan. Tun da ya yi ritaya daga aikin lantarki ya cika ɗakin baya da abubuwan da ya fara: kejin tsuntsu ba ƙofa, rediyo uku hanji a waje, zanen gida da bai kai rufi ba. Ƙofar ma ba ta buɗuwa sosai, sai ya karkace yake shiga.

A kusurwa akwai kujera mai hannu, ƙafarta uku. Shekara shida ke nan da ya yi wa matar alkawarinta, lokacin da gwiwoyinta suka fara ciwo. Kujerun gidan duk gajeru ne, in ta zauna ba ta iya tashi, shi ya sa take wuni a gado tana kallon bango. Sau biyu 'yarsu ta ce za ta sayo wata.

"Ina raye? Ai saura kaɗan," in ji shi.

Sai ga hannunsa ya fara rawa. Likita bai ɓoye masa ba, ƙaruwa za ta yi.

Ranar ya zauna a tsakiyar tarkacen, ko wurin miƙe ƙafa babu. Ya ɗauki rediyo, ya ajiye. Ya taɓa kejin, ya ajiye. Tsoro ya kama shi, ga kunya. Ta bango yana jin gadon na ƙara, tana juyi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aikin ƙafar kujerar guda ɗaya tal, mutumin da a da zai gama ta kafin ruwan zafi ya huce. Zarto na kuɓuce masa, ƙusa na lanƙwashewa. Duk sanda idonsa ya kai kan rediyon sai ya juya masa baya.

Da ya gama, ya jawo ta bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Matar ta dafa hannun kujerar, ta zauna, ta tashi da kanta, ta sake zama. Kujerar ta ɗan girgiɗa.

"Ƙafar ta ɗan gaza," ya ce. "Bari in mayar da ita ciki, saura..."

Ta riƙe hannun kujerar gam.

"Maigida, don Allah bar mini ita haka. Ba ni da wata shekara shidan."