Sandar da Za a Ajiye Kan Bagadi

…kuma wa ya ce sandar bishop ta ado ce? Ado! Shi da gwiwarsa suka san gaskiya. Yana tsaye a ɗan ɗakin sa riga na bayan coci, ana ta waƙa a ciki da harshen mutanen nan — harshen da ya zo ƙasarsu ya koya da gemunsa, har yau yara na dariyar lafazinsa. Yau zai ɗora sandar kan bagadi, teburin ibadar da ke gaban coci, sabon bishop ya ɗauka. Gobe jirgi. Gida.

Gida wai…

Ta taga ga ta can. Kabarin uwargidansa, jikin katanga, inda mai shara ke jingine tsintsiya. Ya hana, ya hana, har ya gaji.

"Malam, in na riga ka, kar ka bar ni cikin baƙi." Tana ninke rigar nan ta faɗa, ko dubansa ba ta yi ba. Shi kuwa, sarkin baki, ya ce haba, wa zai bar wa? Ta rasu ana tsakiyar rikicin ikilisiya, limamai sun rabu biyu — ya ce a binne ta nan tukuna, in ƙura ta lafa a mai da ita gida. Tukuna. Ƙura ta lafa, ciyawa ta fito, ya shuka fure.

'Yarsa a waya jiya: "Baba, ka dawo haka nan, jikokinka sai a hoto suka san ka. Mama ai tana wurin Ubangiji, ba ta cikin ramin nan." Shi ya koya mata wannan. Shi! Mutum nawa ya faɗa wa haka a bakin kabari? Ashe maganin da yake rabawa bai taɓa sha ba.

Gidan na coci ne, izinin zama ma tare da aikin ya ƙare. Wa zai cire mata ciyawa? Mutanen kirki ne, za su yi bana, su yi baɗi… sannan tsintsiya.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. "Baba Bishop, ana jiranka."

Yana ɗaga ƙafa, gwiwa na ƙi. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa. Daga bagadi har ƙofa hannu wofi, kowa na kallo… a da uwargida ce ke tsayawa a can, ta miƙo masa kafaɗa ya dafa kamar ba komai. Ita ai ta kwanta, ƙasar nan ta san ta. Shi ne gobe zai sauka inda ba mai gane fuskarsa.

Kar ka bar ni cikin baƙi…

Ita ce ke faɗa, ko shi?