Takalmin Suma'ila

"Hajara, ki riƙa tura mini shi gaba," in ji Suma'ila. Ya aje takalminsa na hagu a layi, bayan dutsen wata tsohuwa, ya juya yana ɗingishi.

Maƙwabcina ne a unguwar Kara-Kara. Daga Gaffati ya taso da iyalinsa shekarar da gero ya ƙi, ya kama fasa dutse, a can wani tsohon ƙarfe ya huda masa tafin ƙafa. Ni kuwa ƙunar mai ce take kai ni gidan likita kullum.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya tsara cewa wankin ƙananan ciwo da safe kawai ake yi, yamma ta masu gudawa da ƙyanda ce. Ban ga laifinsa ba, mutum ɗaya ne da almakashi ɗaya. Mu kuma in rana ta ishe mu, kowa ya aje dutse ko takalmi ya riƙe masa layi, ya koma inuwa.

Sai dai da safen nan ne ake rabon jar dawa a can ƙetaren gari, kuma su ba sa auna wa takalmi, sai mai gida da kansa. Kullum takalmin ya kai ƙofa, majo ya tambayi mai shi, in ce yana tafe. Kafin ya iso an rufe. Na yi masa faɗa har na gaji.

"Yara ba su ci ba tun jiya," ya ce. "Ƙafa ce fa kawai."

Wata safiya matarsa Zuliha ta shigo mini ba sallama. Haƙoransa sun datse, kunun dawar da ya samo ya ƙi wucewa, bayansa ya sandare kamar itace. A amalanke aka kai shi. Ranar babu batun layi, majo da kansa ya tarbe shi, ya duba ƙafar. Kafin la'asar mun yi rashi.

Bayan sadakar uku na koma wankin hannuna, raina duk a gajiye. Ashe takalmin can ya bari, mai shara kuma yana mayar da shi layi kowace safiya. Masu layi ba su san mai shi ya rasu ba. Tsohuwar nan mai dutse ta sa ƙafa ta tura shi gaba, ya tsaya daidai bakin ƙofa.