Kujerar Makkan Inna Hadija

Fuseini mahauci bai taɓa ɗora saniya a kan sikeli kafin ya saye ta ba. Zai zagaye ta, ya dafa gadon bayanta, ya matsa cinyar, ya faɗi naman da za ta bayar, kuma kowa a Zangon Sokodé ya san da wuya ya kuskure. Abin haushin, da wannan idon ya auna ƙanensa Abdulƙuddus.

Da aka naɗa Abdulƙuddus mataimakin shugaban wata jami'a mai zaman kanta a Dapaong, ya zo gaishe da mahaifiyarsu, Inna Hadija, cikin farar mota har da direba. Fuseini ya zagaye motar, ya ƙwanƙwasa taya, ya gyaɗa kai. Da dangi suka taru, sai ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, Makkan Inna ya samu mai shi. Direkta ne zai kai ta, shi kaɗai."

Aka ɗauki guɗa, aka yi ta shi wa Abdulƙuddus albarka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa amin. Babu wanda ya tambaye shi ko zai iya, domin a Zango tambayar namiji albashinsa rashin kunya ne. Motarsa da rigarsa ake dubawa a yi masa kuɗi.

Bana ta wuce, baɗi ta wuce. Duk lokacin da maniyyata suka fara shiri, sai Abdulƙuddus ya bugo waya ya ce a ƙara masa haƙuri. Ƙanwarsu Husseina ta ce to a haɗa hannu mana, kowa ya kawo abin da ya samu. Fuseini ya hau ta da faɗa.

"Uwar direkta ta tafi da karo-karo? So kike mu zama abin dariya a Zango? Yana da shi, rowa ce kawai. Bari kunya ta kama shi."

Haka aka yi ta jiran kunya ta kama Abdulƙuddus, Inna Hadija tana ta tsufa a bakin ƙofarta. Fuseini ma ya daina ɗaukar wayarsa.

Sai ɗaliban jami'ar suka tada ƙura a kan ƙarin kuɗin makaranta. Suka ce tunda daga aljihun iyayensu ake biyan shugabanni, a faɗa wa kowa abin da shugabannin ke ɗauka. Bayan an sha ja-in-ja, hukumar jami'ar ta wallafa komai a shafinta na intanet. Kafin azahar abin ya iso wayoyin Zango. Sharifuddeen mai gyaran rediyo, wanda ke jin Faransanci, shi ya karanta wa mahauta albashin Abdulƙuddus a rumfa.

Fuseini ya ajiye wuƙa. "Na wata ne wannan ko na sati?"

"Na wata. Loto, wato motar nan, da gida kuma na lekol ne, jami'ar ke da su. Ranar da ya sauka zai miƙa makulli."

Abin da aka karanta, Fuseini yakan same shi a cinikin ranar kasuwa mai kyau guda biyu. Washegari ya hau motar Dapaong, bai ko karya ba.

Gidan babba ne, ba ƙarya. Amma ciki cike yake da 'ya'yan dangi da aka yi ta turo wa direkta ya sa su makaranta, wasunsu ma Fuseini ne da kansa ya ɗoro su a mota. Abdulƙuddus ya rame, furfura ta rufe shi. Ya shimfiɗa wa yayansa tabarma, ya kawo ruwa da hannunsa.

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Fuseini.

"Yaya, a gaban mutane ka ɗora mini, ana ta sa mini albarka. Da wane baki zan ce babu? Ina tarawa, sai ka turo yaro. In sake tarawa, sai a turo wani." Ya yi ɗan murmushi. "Wallahi da aka wallafa, abokan aikina sun yi ta fushi wai an tona musu asiri. Ni barci na yi mai daɗi."

Kunyar da Fuseini ya daɗe yana jira ta kama ƙanensa, shi ta kama, har ya kasa shan ruwan.

Yana komawa Sokodé ya sayar da bijimai biyu da ya ajiye don Layya, ya wuce ɗakin Inna Hadija da saurinsa. Ya tarar Husseina na tallafe da ita tana ba ta koko a cokali. Ya durƙusa.

"Inna, bana za ki tafi. Ni zan biya."

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa. Sannan ta janye zanen da ya rufe ƙafafunta, kumburarru, waɗanda rabon su da kai ta ko zaure tun damina.

"Allah ya yi maka albarka, Fuseini. Ashe kana da shi." Ta mayar da zanen. "Farin yadin da na saya don tafiyar yana wajen Husseina. Na riga na ce ta adana mini shi, in ta Allah ta kasance a sa ni a ciki."