Ranar da Inna Ta Tare Ƙofa

Kun gani, kun kawar da kai. Da ku nake, mutanen Kurfi, da duk wanda garinsu ya yi kama da namu. Shekara nawa kuna zaune a majalisa kuna kukan yara sun yi karatu sun gudu, Kaduna ta cinye wasu, Abuja ta cinye saura? To ga ɗaya ta dawo da aikinta a cikin jaka, kuma saura ƙiris ku kore ta da gaisuwa.

Yayata ce, Batula. Ni ne Sa'idu, ƙanenta, malami a wata sakandare a nan garin. Wani kamfani na Legas take yi wa aiki ta intanet. Hotunan gonaki da tauraron ɗan'adam ya ɗauko suke aiko mata, ita kuma ta zana taswirar inda ake noma da inda ruwa ke kaiwa. Bayan rasuwar Baba ta tattaro kayanta daga Kaduna ta dawo gida saboda Inna, mahaifiyarmu, mai fama da hawan jini. Ta sa sola a kan rufi, ta zaɓi ɗakin da ke kusa da rijiya don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Duk abin da kuke cewa shi ke hana aiki a ƙauye, ta yi maganinsa cikin mako guda.

Ƙofa ce ta gagare ta. A gidajenmu ba a rufe ƙyauren ɗaki da rana, labule ake saki. In an ga ƙyaure a rufe da hantsi, ɗayan biyu ne: ko mai ɗakin na kwance ba lafiya, ko tana fushi da mutanen gida. Kwana uku da Yaya ta fara rufe nata, labari ya zaga unguwa cewa ciwo ne ya koro ta daga Kaduna. Mata suka fara zuwa dubiya. Wata ranar Alhamis tana tsakiyar mitin, mutum tara na kallonta ta kwamfuta, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta turo ƙyaure riƙe da kofin kunun tsamiya, ta ɗora mata tafin hannu a goshi.

"Ayya, ga jikin ma da ɗumi. Sannu, ɗiyata. Ke kaɗai kike ta surutu a ɗaki?"

Yaya ta kashe kamara, ta durƙusa ta gaishe ta. Ina kwana, ina gajiya, ya ƙarin haƙurinmu, ya mutanen Kaduna. Kafin tsohuwar ta fita an tashi daga mitin.

Sau uku haka ta faru. A na ukun shugabarsu ta kira ta, ta ce Alhamis ta sama da ƙarfe goma ita za ta gabatar da taswirar yankin dam ɗin Zobe a gaban waɗanda suka ba da aikin. In ta sake ɓacewa a tsakiyar magana, za a ba wani.

Raina ya ɓaci. Na samo kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: ANA AIKI, KADA A SHIGO, na maƙala a ƙyauren. Waɗanda ba su iya karatun boko ba suka wuce shi suka shiga. Waɗanda suka iya suka karanta wa saura, magana ta zama 'yar boko ta kafa wa dangi doka. Kafin la'asar Inna ta cire kwalin tana fifita wuta da shi.

"Gidan ubanku ba ofishin gwamnati ba ne," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Ranar Asabar na goya Yaya a babur muka tafi Dutsin-Ma duba ɗaki. Gidan wani Alhaji Mamuda ne, a kan hanyar jami'a, ciki da falo, ga famfo a tsakar gida. Ta ɗaga waya sama, sabis cike. 'Yan makaranta na ta shige da fice, ba wanda ya tsaya. Alhaji ya ce zai riƙe mata ɗakin har zuwa Juma'a, don akwai masu nema.

Muka zauna wurin mai soya kifin Zobe a bakin tasha. Tana ɓare ƙaya tana kallon titi.

"Ka lura?" ta ce. "Awa biyu muna garin nan, ba wanda ya tambaye ni 'yar gidan wa ce."

"Ya yi miki daɗi ke nan."

"Rabin jikina ya ji daɗi, Malam mai kwali."

"Yaya, in kin tafi sun yi gaskiya. Za su ce dama mai karatu ba ya zama Kurfi."

"Kai abin da za su ce ne ya dame ka. Ni aikina nake ji. Shekara huɗu ina neman irinsa." Ta ture farantin gabana. "Tafiyar rabin awa ce fa. In zo Asabar, in koma Lahadi."

"Maganin Inna fa? Ni ba ta karɓa a hannuna."

"Ai don kana ba ta kamar kana karanta mata dokar jarrabawa ne."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Dukanmu mun san Inna ba za ta bar ɗakin mijinta da awakinta ta koma gidan haya ba. A hanyar dawowa ta faɗa mini abin da ta yanke. Za ta gwada wannan Alhamis ɗin a gida. In aka sake turo ƙofa, ko aikin ya tsira ko bai tsira ba, Juma'a za ta kwashe kayanta.

Da daddawa a hannu Inna ta ji maganar, ta ci gaba da dakanta. Ba mu yi mamaki ba. Yaya 'yar fari ce, kuma Inna mai tsananin kara ce irin ta mutanen da. Ba ta faɗar sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shiga faɗanta. Tun daga yaye aka kai Yaya ƙauyen Kuki wurin Gwaggo Ikilima, yayar Baba, ita ta riƙe ta har ta gama firamare. A lissafin dangi Gwaggo ce uwarta. Inna kuwa shekara talatin da biyar a gidan nan ba ta taɓa musa wa Gwaggo ko da a kan gishirin miya ba.

Alhamis ta zo muna hutun makaranta, ina gida. Goma saura Yaya ta shiga ta rufe ƙyaure. Na ce zan tsaya a zaure in tare mutane, Inna ta ce in matsa, namiji ba ya tare mata a gidansu. Sai ta jawo tabarma ta shimfiɗa a daidai bakin ƙofar Yaya, ta zauna da faifan gyaɗa tana ɓarewa, kamar inuwar wurin ce kawai ta yi mata.

Goma da kwata muka ji sallama. Gwaggo Ikilima ce, tun daga Kuki, da ƙwaryar fura da nono da ƙullin saiwoyi a gefen mayafi. Labarin ciwon ya kai can, har da ƙarin cewa ɓoye mata ake yi.

"Fatu, ina ɗiyata?" ta tambayi Inna.

Inna ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta saba, ta karɓi ƙwaryar. Amma ba ta tashi daga bakin ƙofar ba.

"Lafiyarta lau, Yaya. Aiki take." Yaya Inna take ce wa Gwaggo, don yayar mijinta ce.

"Aikin mi a ɗaki a rufe? Gusa in gan ta."

"Ki zauna ki sha ruwa tukuna. Sha biyu za ta fito."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Inna. "Ni za a ba lokaci kamar na zo asibiti? Ni da na goya ta, na yi mata kitso, na kwana da ita lokacin ƙyanda? Fatu, yau kuma ke ce uwarta?"

Inna ta ajiye faifan. Kanta a ƙasa ta ce, "Ke ce uwarta, Yaya, ba wanda ya ƙwace miki. Amma in kin buɗe ƙofar nan gobe yarinyar nan za ta bar gidan. Ni kuma ba na so."

A rayuwata ban taɓa jin Inna ta ce tana so ko ba ta son wani abu game da Yaya ba.

Gwaggo ta tsaya a tsaye har na ɗauka za ta tsallake ta. Sai ƙafa ta gaji, ta zauna a kan turmi, ta juya wa Inna baya. Ta cikin ƙyauren muryar Yaya na fitowa da Turanci, a nitse, sannan ta ɗan ɗaga. Cikin maganar muka ji ta ce Dabawa, wani ƙauye a yankin Zobe.

"Kai Sa'idu, da wa take faɗa?"

Na kasa kunne. "Wani ne ya ce wani fili kusa da Dabawa daji ne, a cire shi daga taswira. Ita kuma tana ce masa hoton damina ya duba, da rani wurin duk albasa ne da tumatir."

"Wane ne wannan da bai san ana noman rani a Dabawa ba?"

"Wani babba ne a Legas, Gwaggo."

"Babban banza." Ta gyara zama. "Ya yi shiru?"

"Ya yi shiru."

Sha biyu da minti biyar Yaya ta buɗe ƙyaure, fuskarta na sheƙi da gumi. Ta ga Gwaggo, ta ga inda Inna take zaune, ta gane komai. Ta zube gaban Gwaggo ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ba abin da ta rage. An karɓi taswirar. Da yamma ta kira Alhaji Mamuda ta ce ya ba wani ɗakin.

Kada ku ɗauka abin ya ƙare da daɗi ga kowa. Gwaggo ta sa wa Yaya albarka, amma ta ƙi cin tuwon Inna, ta koma Kuki ba ta yi mata sallama ba. Wata uku ke nan ba ta tako gidanmu ba. A sunan da aka yi a dangi kwanan baya Inna ta gaishe ta sau biyu, ta amsa da ka. Inna kuwa duk Alhamis tana nan a bakin ƙofar da faifanta, tana karɓar gaisuwar unguwa a madadin 'yarta, gwiwoyinta na ciwo. Ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya faɗa mata a fuska.

Amma bai kamata tsohuwa mai hawan jini ta ɓata da dangin mijinta kafin 'yarta ta samu awa biyu ta yi aikinta ba. Irin Yaya suna nan tafe, maza da mata, kowa da kwamfutarsa, kowa na auna ko ya zauna gida ko ya nemi ɗaki a garin da ba a san shi ba. In akwai ɗaya a gidanku ko a unguwarku, je ka yau ka tambaye shi ranar da yake mitin da ƙarfe nawa. Ka faɗa wa matan gidanku da bakinka. Ranar kuma ka ɗauki tabarma ka zauna masa a ƙofa.