Buhu Biyu a Kujerar Ƙaltume

Duk ranar Alhamis bayan la'asar, idan rana ta fara sassautawa, Ƙaltume kan fito ƙofar gidansu a unguwar Ƙiblatain ta tarar da mijinta Usmanu ya riga ya buɗe mata ƙofar bayan Zinariya. Zinariya mota ce, Shafar ta Amurka ƙirar 1957, doguwa mai faɗi, ruwan gwal, wadda ya shekara goma sha biyar yana kai alhazai ziyara a cikinta kafin ya samu aiki a ofishin ruwa. Da arzikin fetur ya buɗe, kowa ya koma motar Japan, aka yi ta jan irin su Zinariya ana yasarwa a bayan gari. Usmanu da abokansa goma suka ce ba da su ba. Dukansu Hausawan Madina ne, jikokin waɗanda suka zo hajji a ƙafa suka zauna, kuma in ma ba su gaji komai ba sun gaji taurin kai.

Can bayan gari akwai wani dutse da wani kamfanin fasa tsakuwa ya gama ci ya tafi, ya bar hanya mai kwana bakwai da ke hawa har ƙololuwa. A gindinsa suke taruwa. Sai a jera motocin, a ɗaga bonet, kowa ya zagaya yana yabon tasa yana kushe ta wani. Daga nan a fara hawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa wani ya ɗaga farin ƙyalle ya saki, a sama kuma Maiturare, wanda shi kaɗai ke da agogo mai nuna sakan, ya duba lokaci. Wanda ya fi kowa sauri ba ya samun komai illa a fara zuba masa shayi, amma in ka ga yadda dattawan nan ke neman kofin nan sai ka ɗauka sarauta za a naɗa.

Matan kan riga kowa hawa a wata a-kori-kura, su shimfiɗa darduma a gefe guda suna kallo daga sama. Ƙaltume ce kaɗai ke hawa a cikin motar tsere, kuma shekara tara ke nan tana yi. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, mai cika ido da cika kujera, kuma ba ta taɓa jin haushin hakan ba. Usmanu kan zaunar da ita a hannun dama, can ƙurya, ya ce nan ya fi iska. Idan suka iso sama ta sauko tana gyara abaya, takan ce wa matan ita ma ba don tana so ba, Abu Sabiru, wato Usmanu, shi ne ba ya iya hawa sai da ita. Maƙwabciyarta Hajo kan ce masha Allah, ta ja mayafi ta rufe baki. Gaskiya dai Ƙaltume tana hura hanci da wannan abu, domin a duk matan unguwar ba ta san wadda mijinta ke shiga da ita cikin wasansa ba sai ita.

A shekarar 1983, lokacin tsananin zafi da ake dakatar da taron, ta fara jin jiri da ƙishirwa marar yankewa. Likita ya ce suga ne. Ya hana ta shinkafa, ya hana ta shayi mai zaƙi, har dabino ya hana ta, wanda a wurin mutumin Madina zalunci ne da aka rubuta a takarda. Ta yi kuka, ta yi mita, amma ta bi doka. Kafin alhazai su gama watsewa sai da ta kai rigunanta duka wurin tela aka rage, jiri ya tafi, tana hawa bene ba haki.

Ranar da aka koma dutse ta shiga kujerarta da murna. Aka saki ƙyalle, Zinariya ta zabura, ta cinye kwana huɗu lafiya. A ta biyar, wadda suke kira Gwiwar Raƙumi saboda tsananin hawanta, tayoyin baya suka kama juyawa a wuri ɗaya suna watsa tsakuwa. Gindin motar ya karkata, injin ya mutu, ta ja baya a hankali ta jingina da tarin ƙasa. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Maza suka rugo. Ashafa, bakaniken taron, mutum ne mai hannu amma bakinsa ba birki, ya kwanta ya leƙa ƙasan motar, ya taso yana kakkaɓe riga.

"Ya shekh, sayyara lafiyarta lau," ya ce wa Usmanu. "Wazni ne, nauyi, babu a baya. Ai Ummu Sabiru ta zube, ba ta kai yadda muka saba ba. Ka sa buhun yashi a but kamar kowa, halas."

Gilashin gefenta a sauke yake. Wasu suka fara duba takalmansu. Ashafa bai gane ɓarnar da ya yi ba sai da ya ga fuskar Usmanu, sannan ya tuna yana da aiki a ƙarƙashin motar ya sake kwanciya.

Da aka sauko ƙasa, Ƙaltume ta bi layin motocin tana dubawa. Kowace but akwai buhu biyu ko uku na yashi, don tayar baya ta kama ƙasa a hawa. Shekara tara tana ganin buhunan nan, tana zaton na kashe gobara ne. Ta tambayi Hajo, Hajo ta rantse duk sun ɗauka ta sani, shi ya sa ba wadda ta taɓa tada zancen. Kunya ta rufe Ƙaltume tun daga kai har ƙafa. Ta tuna sau nawa ta tsaya gaban matan nan tana cewa ba ya iya hawa sai da ita. Ashe gaskiya take faɗa, ita ce kawai ba ta san irin gaskiyar ba.

Ba ta yi faɗa a mota ba, ba ta yi a gida ba. Sai ta shiga lissafin baya. Mutabbaƙ ɗin da yake kawo mata kowace Laraba, mai ƙwai da nama, ya tsaya a kanta sai ta cinye, na mene ne? Da yake cewa ƙara, Ummu Sabiru, ƙara, wa yake ciyarwa, ita ko Zinariya? Abin da ta ɗauka so ne shekara tara, yanzu duk ta inda ta juya shi kiwo take gani. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da hana ta dabino.

Sai ranar Asabar da safe, yana karyawa, ta ajiye masa shayi ta tambaye shi kai tsaye ko don nauyi yake ɗaukarta. Usmanu mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke jawo wa mai ita kwana da yunwa. Ya ce a shekarar farko, eh, Ashafa ne ya ce a sa nauyi, ba buhu a kusa, ita kuma ga ta a tsaye. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa ai ta fi yashi amfani nesa ba kusa ba, tunda ita tana karkata a kwana, yashi kuwa ba ya yi. Shi a ganinsa yabo ne. Ta dube shi har ya ajiye burodin da ke hannunsa, ta ce to daga yau ya je ya koya wa yashin karkata.

Ya yi ta lallashi har Laraba. Ya ce ta zauna a wurinta, a sa buhu ɗaya a but ya cike gurbi, kowa ya huta. Ita kuwa kalmar cike gurbin nan ce ta ƙara tunzura ta. Ba lissafin nauyi take nema a gyara mata ba, so take ta san ko da ma akwai ranar da ya buɗe ƙofar nan don ita. Shi kuwa sai sosa ƙeya.

Ranar Alhamis ta leƙa ta taga. Ya fito da Zinariya, ya goge ta, ya buɗe ƙofar baya ya tsaya yana duban gidan. Ta ƙi motsi. Can Ashafa ya iso da buhu biyu, suka yi 'yar shawara, sai ta ga sun wuce but ɗin sun dire su a kujerarta, hannun dama can ƙurya, wai mota ta saba da nauyi a nan. Usmanu har da gyara musu zama. Ta saki labule ta zauna a bakin gado, ta ce ko a jikinta. Minti goma ba a yi ba Hajo ta ƙwanƙwasa ƙofa tana neman aron kofuna, Ƙaltume ta ce bari ta raka ta, kada kofunan su fashe a hanya.

Wannan ne karo na farko da ta zauna a kan darduma tare da matan. Daga sama motocin ƙanana ne, hanyar ma ba ta da ban tsoro. Mota uku suka hau, ta huɗu ce Zinariya. Aka saki ƙyalle, ƙura ta tashi. Ƙaltume ta kama kanta tana fatan ta maƙale a Gwiwar Raƙumi, ta yi istigfari, ta sake fatan. Zinariya ta shiga kwanar ta fita ko gezau, ta cinye sauran biyun, ta faso saman dutse tana huci ta tsaya 'yan taku kaɗan daga inda matan suke.

Maiturare ya duba agogo, ya girgiza shi, ya sake dubawa, sannan ya sanar da minti ɗaya da sakan arba'in da tara. Ba a taɓa yin haka a dutsen ba. Ƙaltume ta san mafi kyawun abin da suka taɓa yi da ita minti ɗaya ne da hamsin da shida. Yashi ya fi ta da sakan bakwai, kuma a gaban kowa. Maza suka ɗauki mabruk suna taya shi murna, aka fara tsiyaya shayi. Ta sunkuya tana neman takalminta don ta koma cikin a-kori-kura ta jira.

Da ta ɗago sai idonta ya faɗa cikin motar. Usmanu bai san tana wurin ba. Ya juya baya, hannunsa a kan jinginar kujera, yana magana yana murmushi irin na mai neman sulhu. Ta ga bakinsa ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya juyo a hankali ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Ana buga masa bonet, ana kiran sunansa, Maiturare na tsaye da kofi, shi kuwa bai fito ba.

Ƙaltume ta sa takalminta ta ratsa mazan, suka dare mata. Ta tsaya a gilashinsa. Ya ɗago ya gan ta, ya yi tsuru-tsuru.

"Me ka ce masa?"

"Wa?"

"Yashin. Na ga kuna hira."

Shekara tara, tun daga gindin dutsen har ƙololuwa, bakinta ba ya hutawa a motar nan. Ta yi salati, ta ce zai kashe ta, ta tuna masa famfon gida da bai gyara ba, duk a cikin minti biyu.

"Nauyin ɗaya ne," ya ce. "Mota ba ta gane ba. Ni ma daga kwana ta biyu na manta. Na ji shiru, na ce har yanzu fushi take. Shi ne na yi ta taka mota don in iso da wuri in ba ki haƙuri."

Maiturare ya dubi kofin da ke hannunsa, ya rasa wanda zai ba, ya kai bakinsa. Ƙaltume ta ji ƙwalla na neman tona mata asiri a gaban mutane. Ta zagaya bayan motar, ta buɗe ƙofar da kanta, ta tsaya tana duban buhunan.

"Ashafa," ta ce, "zo ka kwashe kayanka. Ban saba zama a matse ba."