Littattafan Ganiyu Mai Rediyo

"Ɗaga ni, Maiwada, ban gama babin ƙarshe ba," in ji Ganiyu, yana laluben biro a gefen katifa.

Na ɗaga shi, duk ya zama ƙashi. Ganiyu mai gyaran rediyo ne, haifaffen Funtuwa, shekara goma sha ɗaya shagonsa na jingine da nawa na ɗinki. Tun lokacin da rediyo ke yawan kawo labarin fashin jiragen sama ya fara rubuta littafi da Hausa: zaratan sojoji bakwai daga ƙasashe daban-daban masu ceto fasinjojin jirgin da aka yi fashinsa, shugabarsu 'yar Malumfashi, suna da na'urar da ke jin numfashin mutum ta bayan bango. Da la'asar yakan karanto mana, manoman da suka kawo auduga su jingine kekuna su saurara. Littafin rubutu goma sha huɗu ya cika.

"An kusa ceto fasinjojin," ya ce. "Saura ƙofa ɗaya."

Bai iya riƙe biron ba. Ranar Talata da hantsi ya cika, kansa a cinyar matarsa Risikat.

Muna dawowa daga maƙabarta na tarar da shagonsa a buɗe. Alhaji Abubakar, mai shagunan, yana tsaye yana sakace, leburori na watso kaya waje.

"Haba Alhaji! Ko sadakar uku ba a yi ba."

"Allah ya jiƙansa, Malam Maiwada. Amma gobe mai sayar da taki zai shigo."

"Ina littattafansa?"

"Wannan tarkacen? Mai tsire ya kwashi na naɗe nama. Ga sauran can."

Da tsinken sakacen ya nuna mini kwata. Alhajin nan shi ke zama a kan bencin gaba in ana karatun, har yana cewa a maimaita masa wurin da aka harbi ɗan fashi. Na dubi maiƙon da ke leɓensa.

Na naɗe hannun riga na tsoma cikin baƙin ruwan. Uku na tsamo, tawadar ta jiƙe ta bazu. Risikat ta fito da mayafin takaba, ta karɓe su. Ta shanya su a kan katanga, ta danne kowanne da dutse, ta tsaya tana korar ƙudaje da gefen mayafinta.