Ɗiyan Mushtari

A Kwatarkwashi, idan ka tambayi gidan Malam Tambaya sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce Mai-Ɗiyan-Tamraro, nan take za a nuna maka ƙofar, mai nunawar yana danne dariya.

Sunan ya samo asali tun Malam Tambaya yana saurayi. A lokacin babu mai kaifin idonsa a garin, shi ake sawa a gaba ranar duban wata. Wata magariba yana gindin dutse, babban tauraron nan mai haske da malamai ke kira Mushtari ya gangara yamma ya shige bayan bakin dutsen. Da haskensa ya kau, sai Tambaya ya hango wasu ɗigo biyu ƙanana a samansa, a jere, kafin su ma su shige. Ya sauko da gudu ya shaida wa jama'a cewa tauraron nan yana da 'ya'ya. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da azumi ya zo ya ce ya ga wata, sai wani dattijo ya ce a nemo wani dai, wanda ya ga ɗiyan tauraro ai komai ma zai iya gani. Daga ranar ba a sake neman shaidarsa ba.

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Mutum ya yi shekara da shekaru bai taɓa cin amanar kowa ba, amma magana ɗaya da ta fi ƙarfin idonsu sai su ɗinka masa riga da ita, ya tsufa a ciki.

Ɗansa Dalhatu ya tashi da sunan nan a wuyansa. Ya yi dambe a kansa yana ƙarami, da ya girma kuma sai kunya ta maye gurbin damben, don a ransa shi ma ya ɗauka ido ne kawai ya yi wa tsohon gizo. A shekarar 1978 yana koyarwa a wata firamare a Tsafe. Yana da tsohuwar kyamara da ya saya a hannun wani direba, ba ya sana'a da ita, sha'awa ce kawai. Mutane suna ɗaukar amare da jarirai, shi kuwa hadari yake ɗauka, da dutse, da jinjirin wata. Wannan sha'awar ce ta haɗa shi da wani malamin kimiyya ɗan Pakistan da ke koyarwa a wata sakandare a Gusau, mai madubin hangen nesa nasa na kansa.

Ranar da malamin ya saita masa madubin a kan Mushtari, Dalhatu ya kafa ido ya ga farin ƙwallo, ga ɗigo huɗu a jere a gefensa. Malamin yana ta bayani cewa wannan ba tauraro ba ne, wata duniya ce da ta ninka tamu nesa ba kusa ba, ɗigon kuma watanninta ne masu zagaya ta. Dalhatu bai ji rabin bayanin ba. Ya zauna a ƙasa yana jin nauyin duk shekarun da ya yi yana zargin ubansa a zuci.

Washegari ya hau babur ɗinsa ya tsaya a Kwatarkwashi. Ya tarar da tsohon a zaure yana tufkar igiya da lalube, don idon nan da aka yi yayinsa ya daɗe da fara dushewa. Likita a Gusau ya ce jijiyar ce ke mutuwa, babu aikin da zai dawo da ita, kuma da wuya ganin ya kai kaka.

"Baba, na gan su," in ji Dalhatu. "Wallahi na gan su da idona. Gaskiya kah hwaɗi."

Malam Tambaya bai daina tufka ba. Ya ce, "Kai ɗana na, Dalhatu. Ko gaban alƙali ba a amsar shaidar ɗa ga ubanai."

Dalhatu ya goya shi a babur ya kai shi Gusau. Tsohon ya kafa ido a madubin ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce haske kawai yake gani a dame. Suka dawo gida. Bayan kwana biyu Dalhatu ya zo da baƙin allon makaranta, ya ɗiga alli a kai, ya miƙa masa a tsakar gida da rana tsaka. Tsohon ya kawo allon dab da fuskarsa, ya nuna ɗigon ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ashe fari a kan baƙi, in ya yi girma kuma da hasken rana, har yanzu yana gani.

"Wanga kai kaz zana shi," in ji tsohon, ya ajiye allon. "Ni abin da Allah ya aje can nika son in sake gani, ko sau guda, kahin idanun ga su ruhe."

Nan Dalhatu ya ƙudurta zai ɗauki hoton ɗiyan Mushtari, a wanke masa shi babba, ya sa a hannun ubansa. Sai dai lokaci ba ya gefensa ko kaɗan. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa da yamma. Mushtari kullum ƙara gangarawa yake wajen faɗuwar rana, ya kusa ɓacewa sai bayan watanni. Malamin kimiyyar kuma wa'adin aikinsa ya ƙare, har ya fara ɗaure kaya, madubin ma da shi zai tafi.

Yammaci bayan yammaci Dalhatu yana tashi daga Tsafe ya bugo babur zuwa Gusau, ya yi sallar magariba a filin makarantar, ya ɗaga kai ya ga gajimare ya rufe yamma ruf. Ya rame, ya daina cin abincin kirki, 'yan ajinsa suka fara gane cewa Malam ba ya tare da su. Sai ana gobe malamin zai kama hanyar Kano sama ta washe. Suka ɗaure kyamarar a bakin madubin da tsumma da robar taya, Dalhatu ya riƙe numfashi yana dannawa, don ko tari ka yi kusa da abin sai tauraron ya yi rawa. Ya ƙarar da fim ɗin gaba ɗaya a kan abu ɗaya. Kafin a kira isha tauraron ya shige bayan itatuwa.

Dalhatu ba shi da ɗakin wanke hoto, don haka da safe ya kai fim ɗin Tudun Wada wurin Bashiru mai hoto. Duk Gusau an san Bashiru da tsaftar aiki. Amarya mai ƙuraje ta shiga shagonsa, a hoto sai ta fito fuska sumul. Maniyyata aikin Hajji layi suke yi masa. Yana da reza da ya fere bakinta ya yi tsini, da gilashin ƙara girma, da su yake bin fim yana cire duk wani datti kafin ya buga. Abin alfaharinsa a duniya shi ne hoto bai taɓa fita daga shagonsa da tabo ba.

Shagon cike yake da mutane a ranar. Bashiru ya karɓi fim ɗin ya ce, "Malam, yau kuma mi munka ɗauko? Hadari ko dutsi?"

Dalhatu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hango wani mutumin Kwatarkwashi zaune a benci yana gyara hula. Tsohuwar kunyar nan ta taso masa. Ya ce, "Tamraro na kawai. Ka zaɓi wanda yaf fi fita ka buga man shi babba." Ya juya ya fita da sauri.

Ranar Juma'a ya dawo karɓa. Bashiru ya taso da fara'a, ya zaro ambulan mai faɗi.

"Aikin ga naka ya ba ni wuya, Malam. Dut sun yi rawa, guda ɗai yat tsaya. Shi ma ƙura ta hau mashi. Amma duba ka gani."

Dalhatu ya zaro hoton. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi, da farin ƙwallo guda a tsakiya. Ya duba dama da shi, ya duba hagu. Babu komai. Ya matsa bakin ƙofa wurin haske ya sake dubawa.

"Ina ƙananan? Akwai ɗigo ƙanana kusa da shi."

"Su nika hwaɗa maka," in ji Bashiru yana murmushi. "Awa kashin ƙuda, har huɗu, sun jeru gehenai. Da na bar su da sun hito hware-hware sun ɓata ma hoto. Na bi su da reza ɗaya-ɗaya, sai da idona ya yi ja."

A fim, abin da yake fari baƙi yake fitowa. Sama ta fito garau, Mushtari ya fito baƙin ɗigo, watanninsa kuma baƙaƙen ɗigo ƙanana, daidai kamannin dattin da Bashiru ya yi rayuwarsa yana yaƙi da shi. Kuma abin da reza ta kankare daga fim ya tafi ke nan.

Dalhatu ya so ya yi ihu, ya so ya kifar da teburin. Amma wa zai kama? Mutumin ya yi aikinsa ne iyakar iyawarsa, kuma ya tambaya, shi ne ya ƙi faɗa. Da Bashiru ya ji abin da ya kankare, murmushin ya bushe a fuskarsa, ya dafe kai yana salati. Ya ce a sake ɗauka, shi zai wanke da hannunsa. Dalhatu ya ce madubin yana Kano, ko ma ya riga ya hau jirgi. Ya karɓi guntun fim ɗin ya sa a ambulan ya fita.

Ya wuce mahaɗar Kwatarkwashi bai tsaya ba, sai da ya yi nisa a hanyar Tsafe sannan ya taka birki. Ya zauna a kan babur yana tunanin ya sami farin fenti ya ɗiga a hoton, wa zai sani? Sai ya tuna yadda tsohon ya ajiye allon nan. An yi shekaru ana kiran mutumin nan maƙaryaci, ba zai zama shi ne zai kawo masa ƙarya har gida ba. Ya juya babur.

Malam Tambaya yana tsakar gida a kan tabarma, ya sa an fitar da shi rana tun hantsi don ya san yau ce ranar. Ya sanya farar rigarsa ta Juma'a bai cire ba. Ya miƙo hannu biyu. Dalhatu ya durƙusa ya sa masa hoton.

Tsohon ya kawo shi dab da fuska, ya karkata shi wajen rana. Ya daɗe yana yawo da shi a gaban idonsa.

"Ga uwar nan, na gane ta," in ji shi a hankali. "Ina ɗiyan? Ko idon nawa na?"

Da Dalhatu ya ce eh, da magana ta ƙare. Amma ya ce, "Ba idonka ba na, Baba. Ba su ciki." Ya faɗa masa komai, har da mutumin da ya gani a benci, da yadda ya kasa buɗe baki. Yana faɗa hawaye na zuba, bai damu ya share ba.

Malam Tambaya ya kife hoton a cinyarsa. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Dalhatu ciwo. Can ya ce, "Ba ni abin da anka kankare ɗin."

Dalhatu ya zaro guntun fim ɗin ya sa masa a tafin hannu. Tsohon bai kai shi ido ba. Ya shafa shi da babban yatsa, yatsan da ya saba gane zaren da ya kauce a tufka. Fim ɗin santsi ne da shi ko'ina, sai a wuri ɗaya yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi a hankali. Inda reza ta ci akwai kaushi ƙanana, a jere.

"Huɗu," in ji shi. "Ni biyu nig gani."

"Huɗu na, Baba."

"Shi mai hoton ga, ya san ni?"

"Bai san ka ba."

"Kuma ba ka hwaɗa mashi komi ba."

"Ban hwaɗa ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To kahin ya kankare su, ai sai da ya gan su."

Daga gabas aka fara jin rugugi, iska ta ɗaga gefen tabarmar. Dalhatu ya ce su shiga ciki kafin ruwa ya sauko. Malam Tambaya ya miƙa masa babban hoton ya ce ya tafi da shi, ba shi da abin yi da shi. Guntun fim ɗin kuwa bai sake shi ba. Dalhatu ya kama hannunsa ɗaya yana ja masa gora zuwa ɗaki, ɗaya hannun yana cikin aljihun farar rigar, yatsan yana ta kai da komowa a wuri ɗaya.